Gyaran gida kafin a sayar: inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu da inda ba ta biya

Gidan farko da na gyara don in sayar, asara na tafka a kansa, kuma ba wanda ya cuce ni. Da hannuna na yi. Na ɓamɓare tayil ɗin falo da ba abin da ya same shi, na shimfiɗa wani kore mai sheƙi da na daɗe ina sha'awa. Na sa aka yi silin mai hawa uku da ƙananan fitilu masu canza launi. Na rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu na mayar da su falo guda ƙato. Wata huɗu ana aiki. Ranar da mai saye na farko ya zo, ya taka tayil ɗin nan bai ko dubi ƙasa ba. Ya wuce ɗakin kwana na baya, ya ɗaga kai, ya tsaya yana kallon wani tabo ruwan ƙasa a kusurwar silin, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sai ya ce, "Malam, wannan na bara ne ko na bana?" Na ce tsoho ne. Ya gyaɗa kai, ya shiga banɗaki ya murɗa famfo, ya ja ruwan masai, ya tsaya har ruwan ya gama wucewa. Ya yi sallama. Ban sake ganinsa ba.

Dattijon dillalin da ya kawo shi ya bari sai da muka rage mu biyu, sannan ya ce, "Ɗana, ka yi wa gidan nan irin kwalliyar da kai kake so. Shi kuwa mutumin nan lissafin abin da zai kashe bayan ya karɓi makulli yake yi." Na ce, "To Baba, kuɗin da na zuba fa?" Ya ce, "Wa ya aike ka?"

Maganar ta yi mini zafi, amma ita nake bi har yau. Mai saye bai damu da nawa ka kashe ba. Abin da yake biya shi ne wahalar da ka ɗauke masa da fargabar da ka cire masa. Duk gyaran da zan lissafa a nan da wannan ma'auni nake auna shi.

Kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya

Kowace unguwa tana da iyakar farashin da gida ba ya wucewa, komai kyansa. Masu ƙiyasta darajar gidaje galibi kwatance suke yi: su nemo gidaje masu kama da naka a girma da yawan ɗakuna da shekaru, waɗanda aka sayar kwanan nan a kusa, su ɗora ƙiyasinsu a kai. Kai ma haka za ka yi. Nemo uku zuwa biyar da aka sayar cikin wata shida zuwa shekara ɗaya da ta wuce. Ka lura, kuɗin da aka biya a ƙarshe kake nema. Kuɗin da mai gida ya yanka da farko buri ne kawai, kowa yana iya faɗin abin da ya ga dama.

Daga nan lambobi biyu za su fito maka: abin da gidanka zai yi yadda yake a yau, da abin da gida mafi tsafta irinsa ya yi a layin. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce iyakar abin da gyara zai iya ƙaro maka. Idan kuɗin aikin ya kusa cinye tazarar, ka bar shi, domin aikin gini bai taɓa tsayawa inda aka ƙiyasta ba. Ni ina ɗora kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a kan duk lissafin da magini ya ba ni, tsohon gida kuwa kashi 20 ɗin nake ɗauka kai tsaye. Sai an fasa bango ake ganin abin da ke ciki.

Gidan da ya fi kowane tsada a layin talakawa, maƙwabtansa ne ke janyo farashinsa ƙasa. Wanda yake da kuɗin sayen irinsa wata unguwar zai nufa. Ƙaramin gida kuma a tsakanin manya, su ke ɗaga shi. Wannan ba ya cikin ikonka, sai dai ka san inda kake tsaye.

A Amurka akwai wani rahoto da ake fitarwa duk shekara mai suna Cost vs. Value, wanda ke kwatanta kuɗin aikin gyara da abin da ya ƙara wa gida a kasuwa. Farashinsu daban, gininsu daban, amma abin da ke fitowa shekara da shekaru ya yi daidai da abin da na gani da idona. Ƙananan ayyukan da ake gani daga waje, irin su sauya ƙofar gareji ko ƙofar shiga gida, su ke kan gaba. Manyan ayyukan alfarma, kamar sabon kicin na ƙasaita ko ƙarin babban ɗakin kwana da banɗakinsa, a 'yan shekarun nan rabin kuɗinsu ko ƙasa da haka suke dawowa da shi.

Ruwa

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, ruwa zan bi. Shi ne ke cin gida a hankali, shi ne kuma mai saye ya fi tsoro, domin bai san iyakar ɓarnar ba. Tabon da bai wuce tafin hannu ba, a zuciyarsa rufin gaba ɗaya ne ya lalace, kuma kuɗin sabon rufi zai cire daga tayinsa.

Fara da sama. Hau cikin silin da tocila, idan da hali a lokacin da ake ruwa ko da zarar an ɗauke. Kada ka nemi ɓular a saitin tabon, domin ruwa yana bin katakon rufi ya yi tafiya mai nisa kafin ya ɗiga. Inda aka fi samun yoyo sanannu ne: kwarin da rufi biyu suka haɗu, inda kwano ya jingina da bango, gindin duk wani bututu da ya huda rufi, da bakin ƙusoshi. Ƙusar kwano tana da 'yar roba a wuyanta, rana ke busar da ita ta tsage. Sau da yawa yoyon da aka ce sai an sauya kwano duka, sauya ƙusoshi da gyara mahaɗa ne maganinsa, aikin kwana biyu. Tun da kana can sama, soka sukudireba a jikin katako. Idan ta shige ba gardama, ko ruɓa ko gara. Wannan katakon a sauya shi, sauran a shafe su da maganin gara.

Rufin kankare kuwa, duba inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama. Duk inda ya kwana, wata rana zai sami hanya. A gyara gangaren zuwa indararo tukuna, sannan a shimfiɗa abin hana ruwa. Wanda ya shafa kwalta a kan rufin da ba shi da gangara, jinkirta matsalar kawai ya yi.

Sai ƙasa. Danshin da ke tasowa daga tushen gini yana da alama: fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango, farin gishiri yana fitowa, kuma da wuya ya wuce tsayin mita ɗaya ko sama da haka kaɗan. Kafin ka kira kowa, zagaya bayan bangon. A gidana na biyu, abin da ya jawo danshin ɗaki guda shi ne ƙasar da aka tara aka yi lambun furanni a jikin bango, ana ba ta ruwa safe da yamma. Ƙasar waje ya kamata ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da layin da aka sa abin hana danshi a ginin, kuma ta gangara ta bar gidan. Muka kwashe ƙasar, muka yi daɓe mai gangara, muka ƙara wa indararo bututu ya kai ruwan magudana. Bangon ya bushe da kansa cikin 'yan watanni.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da nake yi idan ban gane daga ina laimar take ba. Yanki farar leda mai faɗin kamu biyu, manna ta a bangon da salatif ta kowane gefe, bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a cikin ledar ta ɓangaren bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. Idan ta waje ta taru, tururin ɗakin ne ke sauka a bango mai sanyi, maganinsa iska: taga, ko fanka mai zuƙe tururi a banɗaki da kicin.

Banɗaki shi ma a gwada shi. Toshe magudanar ƙasa, tara ruwa ya kai gaɓar yatsa, yi alama, bar shi awa 24. Idan ya ragu sosai, ko bangon ɗakin da ke maƙwabtaka ya jiƙe, akwai aiki a ƙarƙashin tayil. Don gano yoyon bututun da ke binne, rufe duk famfunan gida, yi alama a tanki ko ka rubuta lambar mita da dare, ka duba da asuba.

Bayan an kashe tushen ruwan, sannan a taɓa tabon. Fentin ruwa ba ya rufe tabon yoyo, ko sau biyar ka shafa zai sake ɓullowa. A fara da shafin farko na fentin mai, ya bushe, sannan a bi da na ruwa.

Tsaga a bango

Ba kowace tsaga ce abin tashin hankali ba. Siririya kamar gashi, wadda ba ta kai milimita ɗaya ba, yawanci filasta ce ta bushe ta ja jiki. A cike ta a yi fenti. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, musamman idan ƙofar wurin ta fara cijewa. Idan ta wuce milimita 5, ko ana ganinta ciki da waje, injiniyan gini za ka kira, birkila ba zai wadatar ba. Ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, rubuta kwanan wata, auna faɗinta, ka dawo bayan wata ɗaya ko biyu. Wadda ta tsaya daban take da wadda ke ci gaba.

Takardar injiniya da ke cewa an duba kuma an gyara ta fi sabon fenti daraja a wajen mai saye mai hankali.

Waya da bututu

Waɗannan ba a ganinsu, don haka ba sa ɗaga farashi sosai. Amma lalacewarsu tana rushe ciniki. Sa mai aikin wuta ya buɗe akwatin rarraba wuta da soket uku ko huɗu. Abin da ake nema: baƙin ƙuna, wayar da robarta ta bushe tana farfashewa, haɗin da aka naɗe da salatif aka cusa a bango, da rashin wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. A inda ake amfani da wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240, abin da aka saba shi ne wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwa da murhun lantarki kuma kowanne da layinsa. A sa makatsar wuta mai kare rai, irin wadda ke yankewa da zarar wuta ta zurare da miliamfiya 30. Kuɗinta kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da take hanawa.

Tsohon bututun ƙarfe daga ciki yake tsatsa, ramin ya yi ta ƙanƙancewa har ruwa ya koma zirara. Idan ka murɗa famfo da safe ruwan farko ya fito ja, lokacinsa ya yi. Bututun ƙazanta kuma gangara yake so daidai, kamar santimita biyu da rabi a kowace mita ga bututun gida na yau da kullum. Warin banɗakin da ya ƙi jin sabulu sau da yawa daga magudanar da ba ta da lanƙwasar nan mai riƙe ruwa yake zuwa. Wari yana korar mai saye tun kafin ya buɗe baki, kuma ba zai faɗa maka dalili ba.

Bari in ɗan ratse, don abin ya shafi lafiya. Tsofaffin gidaje da yawa suna da silin ko rufi na asbesto. Idan yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Yanka shi, huda shi ko goge shi ne ke tayar da ƙurar da ke lalata huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, amma akwai ƙasashen da har yanzu ake amfani da shi. Haka tsohon fenti mai dalma, wanda Amurka ta hana shafawa a gidaje a 1978: kankare shi a bushe yana cika gida da ƙurar da ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Kada ka sa yaro da guduma ya farfasa irin waɗannan don a rage kuɗin aiki.

Kicin da banɗaki: a gyara, kada a sake gini

Gaskiya ne nan ne mutane suka fi tsayawa idan sun zo duba gida. Kuskuren shi ne a ɗauka sai an rushe an sake. Ƙa'idata guda ce: kada ka matsar da wurin ruwa. Da zarar ka ce wurin wanke-wanke ya koma ɗaya bangon, ko masai ya koma wancan lungu, ka shiga fasa daɓe da sabon bututu da sabon tayil, kuɗi ya ninka, mai saye kuwa bai san ma an yi ba.

A kicin, buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Idan katakon ya sha ruwa ya kumbura, sauya wannan kaɗai. Sauran idan jikinsu da ƙarfi, sabbin ƙyamare ko fenti da sabbin mariƙai sun isa. Sabon kan famfo, saman teburin aiki mai tsafta, fitila mai haske a inda ake yanka da girki. A banɗaki, ƙwanƙwasa tayil da tsabar kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙarar kwando, ƙarƙashinsa fanko ne, shi za a cire. Kankare baƙin da ke tsakanin tayil a sake cikewa, sauya murfin masai, sauya madubin da ya yi tsatsa a gefe. Watsa bokitin ruwa a ƙasa ka ga inda ya nufa. Idan ƙofa ya nufa maimakon magudana, wannan kam sai an gyara gangaren.

Idan gida mai ɗakuna uku ko huɗu banɗaki ɗaya gare shi, alhali irinsa a unguwar biyu suke da shi, ƙara na biyu yana cikin manyan ayyuka ƙalilan da nake goyon baya, muddin akwai bututu a kusa kuma ba ɗakin kwana za a yanka ba.

Fenti da fuskar gida

A nan ne ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki. Fari, ko ruwan madara, ko toka mai haske, launi ɗaya ko biyu a gidan duka. Na san ba daɗi mutum ya shafe launin da yake ƙauna, amma so ake mai saye ya shigo ya fara hango kujerunsa da labulensa a ɗakin. Ba zai iya ba idan bangon yana ta faɗa masa halin mai gidan da zai fita. Sabuwar filastar siminti a ba ta kamar mako huɗu ta bushe kafin fenti, in ba haka ba zai kumbura a watan da kake nuna gidan.

Daga waje: ƙofar shiga da ke buɗewa ba ƙara, makullin da ba sai an yi kokawa da shi ba, katangar da aka wanke ko aka shafe, ciyawa a nome, tarkacen gini a kwashe, gilashin da ya fashe a sauya. Duk ƙwan fitilar da ya mutu a sa sabo, irin na LED, wanda ke rage shan wuta da aƙalla kashi 75 cikin ɗari idan aka kwatanta da tsohon ƙwai mai zare, kuma a sa masu launin haske iri ɗaya. Famfo mai ɗiga, makunnin da ya karye, hannun ƙofa mai lilo, kowannensu ba komai ba ne, amma mai saye ƙirgawa yake yi. Idan ya kai biyar, sai ya yanke cewa ba a kula da gidan, ya fara zargin abin da bai gani ba.

Inda kuɗi ke nutsewa

Rage yawan ɗakunan kwana shi ne babba. Gida da yawan ɗakunansa ake tallarsa, da shi ake kwatanta shi. Ni da na haɗe biyu na yi falo, na fitar da gidana daga sahun masu ɗaki huɗu na kai shi sahun masu biyu, da kuɗina. Bayan an sayar, kamar da wata biyu, na bi ta layin na ga tulin koren tayil a farfashe a bakin ƙofa, birkila kuma yana mayar da bangon da na rushe.

Sai wurin ninƙaya, wanda mutane da yawa ɗawainiya da haɗarin yara suke gani a cikinsa. Sai silin mai ado da yawa, da kabad da gadon da aka gina a jikin bango daidai da buƙatar mutum ɗaya, da mayar da gareji ɗaki a unguwar da wurin ajiye mota ke wahala, da shafe tsakar gida duka da gini har iska da haske su rasa hanya. Kayan alfarma a gida matsakaici ma haka: famfon da ya ninka na kowa tsada sau goma, ruwa ɗaya yake zubarwa.

Wutar sola tana tsakiya. Faifan yana daɗewa, masu ƙera shi kan ba da garantin shekara 25. Batir ne ke tsufa, musamman mai ruwan asid, wanda 'yan shekaru kaɗan yake yi. Idan kana da ita tun da, ka nuna takardunta da ranar da aka sa batir. Amma ka sayo sabuwa wata ɗaya kafin sayarwa da fatan a biya ka kuɗinta cif, ban ga alamar riba a nan ba.

Ƙarin gini ba tare da izinin hukumar tsara gari ba kuwa yana iya rage darajar gida ma. Lauyan mai saye ko bankin da zai ba shi bashi za su kwatanta zanen da aka amince da shi da abin da ke ƙasa. Idan ba su dace ba, ko ciniki ya tsaya, ko a zaftare kuɗi. Kuma kada a taɓa bangon da ke ɗauke da nauyi sai injiniya ya gani.

Duk wannan ga wanda zai sayar nan da shekara ɗaya ko biyu ne. Idan za ka zauna shekara goma, yi koren tayil ɗinka ka more shi. Ka dai rubuta shi a babin jin daɗi, kada ka sa shi a babin jari.

Tsarin aiki da ma'aikata

Daga sama zuwa ƙasa, daga ɓoye zuwa bayyane: rufi, tsaga da danshi, waya da bututu, filasta, tayil, kafinta, fenti a ƙarshe. Wanda ya yi fenti kafin mai wuta ya gama, sau biyu zai biya mai fenti. Karɓi ƙiyasi daga mutum uku a rubuce, kayan aiki daban, ladan hannu daban. Mafi araha a cikinsu ka tambaye shi abin da ya bari, domin araha ba ta ado. Biya kashi-kashi bisa aikin da aka gama, ka riƙe wani abu har sai an gwada: an watsa wa rufi ruwa, an kunna kowane soket, an tara ruwa a banɗaki. Duk inda aka zuba kankare a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Magini mai gaggawa zai ce maka ya bushe. Bushewa daban, ƙarfi daban.

Kada ka rufe aibi da fenti

Za a ba ka shawarar ka shafe tabon kawai ka sayar da gidan a lokacin rani. Ban da cewa ha'inci ne, kuma a ƙasashe da yawa doka tana ba mai saye damar kai ƙara idan aka ɓoye masa aibin da aka sani, dabarar ba ta ma cika aiki ba. Bango ɗaya mai sabon fenti a ɗakin da sauran bangayensa tsofaffi ne, shi ne wurin da gogaggen mai saye zai fara dafawa da tafin hannu.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin wannan a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2001. Idan mai saye ba shi da hanyar bambance mai kyau da mai aibi, sai ya taya kowanne da matsakaicin farashi don ya kare kansa, mai kaya nagari ya cutu. A gida ma haka ne. Hanyar fita ita ce ka ba shi abin da zai gani da idonsa.

Shi ya sa tun daga gida na biyu nake ɗaukar hoton kowane aiki kafin a rufe shi: bututu a cikin rami kafin a zuba daɓe, waya a bango kafin filasta, katakon rufi sabo kusa da tsoho. Ina haɗa su da rasit na kaya, da takardar injiniya, da garanti, da izinin gini, da kwanan watan kowane aiki, a fayil guda. Abin da ban gyara ba ma ina rubutawa, in faɗa da bakina kafin a tambaya.

Matar da ta sayi gida na uku ta zo da ƙaninta mai aikin gini. Kicin ɗin da na yi wa sabbin ƙyamare minti biyu suka yi a ciki. Fayil ɗin kuwa sun fi rabin awa a kansa, a tsaye a tsakar gida, yana nuna mata hoton bututun banɗaki yana bin layin da yatsa a kan daɓe. Ya tambaye ni tagar baya da na rubuta cewa tana cijewa da damina, na kai shi ya gwada. Ta ce, "Malam, a cire kuɗin tagar." Na ce a cire. Ranar da na miƙa makulli na bar mata kwali biyu na ragowar tayil a sito, da rabin bokitin fenti, lambar launin a rubuce a murfinsa.